Wanda ya yar shi ne mai haƙƙi, wanda ya raya kuma ɓarawo?

Abubuwa biyu sun faru a Amurka a watan Oktoba na 2024, makonni biyu kacal tsakaninsu, kuma har yau in na haɗa su a raina sai na ji ɗaci. Ranar 11 ga watan Ward Christensen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro allon sanarwa na kwamfuta, ya mutu yana da shekara 78. A ƙarshen watan kuma Ofishin Haƙƙin Mallaka na ƙasar ya yi watsi da roƙon masu adana tarihi, waɗanda suka nemi a bar ɗakunan karatu su riƙa buɗe wa masu bincike tsofaffin wasannin kwamfuta ta intanet. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne, wai kada mutane su fake da bincike su riƙa wasa don jin daɗi. Ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni, ESA, ita ta tsaya kai da fata har aka yi hakan, alhali wani bincike da Gidauniyar Tarihin Wasannin Bidiyo ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa ko da kuɗinka.

Hukuncin a kan wasanni aka yi shi, amma tunanin da ya haife shi ne ya shaƙe wani abu da ya fi damuna, wato manhajojin BBS, allunan sanarwa na kwamfuta da Christensen ya ƙirƙiro shi da abokinsa Randy Suess. Dusar ƙanƙara ce ta rufe Chicago a Janairun 1978, ta hana kowa fita, su kuma suka zauna suka haɗa kwamfuta da layin tarho. Ranar 16 ga Fabrairu suka buɗe CBBS. Ka buga lamba, modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya yi ta ƙara kamar gyare, sai rubutu ya fara sauka layi-layi. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, in wani ya riga ka sai ka yi haƙuri ka sake bugawa. Ka karanta saƙon da aka bari, ka bar naka, ka fita. Duk zauren hirar da muke rububi a yau jikan wannan ne. Christensen bai nemi ko sisi ba, hatta XMODEM, hanyar tura fayil da ya rubuta a 1977, kyauta ya sake ta ga kowa.

Waɗanda suka biyo bayansa da yawa sun mai da abin sana'a, kuma ba laifi ba ne. Aka yi PCBoard, aka yi Wildcat!, aka yi The Major BBS, da wasu barjat. Da intanet ta shigo gidaje a tsakiyar shekarun 1990 kasuwar ta watse cikin ƙanƙanin lokaci. Clark Development, kamfanin da ya yi PCBoard, ya rufe a 1997. Wasu aka sayar da su, mai sayen ma ya sayar, har aka rasa wa ke riƙe da takarda. Ƙananan marubuta kuwa, irin ɗalibin da ya rubuta wasa a ɗakinsa ya ce duk wanda ya ji daɗi ya aiko da 'yan daloli ta akwatin gidan waya a ba shi lambar buɗe sauran sassan, yawancinsu sun tashi daga adireshin tun kafin a haifi masu karanta wannan shafi.

To ga inda dokar ta zama abin dariya. A Amurka, abin da kamfani ya fitar yana ƙarƙashin kariya har shekara 95. Manhajar 1995 ke nan sai ƙarshen 2090 za ta zama ta kowa. Ita kuwa tana kwance ne a kan faifan filofi, wanda danshi da ƙura ke ci a hankali, kuma Sony ma ta daina yin irinsa tun 2011. A ce a jira 2090 daidai yake da a ce a ajiye fura har baɗi.

Su wa ke ceto abin? Ba kamfani ba ne, ba kuma gwamnati ba. Masu sha'awa ne kawai, tsofaffin masu allo da ake ce wa sisof, da samarin da suka tarar da labarin ya burge su. Dubi irin aikin da suke yi. Wasanni da yawa na BBS da Turbo Pascal, wani harshen rubuta manhaja, aka rubuta su, kuma akwai wani aibi a cikinsa da ke sa shirin ya mutu nan take da kuskure mai lamba 200 muddin kwamfutar ta wuce saurin kusan megahaz 200. Wanda ya rubuta ba ya nan, asalin rubutun babu. Sai wani ya zauna ya buɗe cikin fayil ɗin, ya lalubo 'yan lambobin da ke jawo matsalar, ya canja su da hannu. Wani ya rubuta ƙaramin shiri da ke yaudarar tsohuwar manhaja ta zaci da modem take magana, alhali ta intanet baƙon ya shigo. Wani ya sayi na'urar da ke karanta maganaɗisun faifai kai-tsaye don ya tsamo abin da ya rage a cikin wanda ya fara ruɓewa. Da shekara ta 2000 ta zo ta rikita kwanan wata a wasu allunan, su suka ɗinke. Galibin wannan aiki, in aka bi harafin doka, yana bakin laifi: kwafi ba izini, gyara ba izini, cire makulli ba izini. Izinin wa? Na kamfanin da aka binne shekara kusan talatin?

Ana cewa haƙƙi haƙƙi ne ko mai shi ya manta da shi. Wannan magana ce ta lauyan da ake biya da awa. Mu dai mun san kango, mun san saura. Mun kuma san hadisin da ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, mun san hukuncin tsintuwa, a yi cigiya shekara guda, in ba a ga mai ita ba a amfana da ita, in ya bayyana daga baya a sallame shi. Malaman fiƙihu sun warware wannan tun ƙarnoni da suka wuce, don sun gane dukiyar da aka bari ta lalace asara ce ga jama'a baki ɗaya. Majalisar Amurka kuwa ta kasa. A 2008 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin marayun ayyuka, wato waɗanda aka nemi mai su aka rasa, ya je Majalisar Wakilai ya mutu a can. Tarayyar Turai ta yi nata a 2012, amma ta taƙaita shi ga ɗakunan karatu da gidajen tarihi da makamantansu, mai allo da ke aiki daga ɗakin kwanansa ba ya ciki.

Akwai kuma masu taɓe baki su ce ai tarkacen tsofaffi ne, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Waɗannan ba su san da wane tsani aka hau ba. FidoNet, wadda Tom Jennings ya fara a 1984, ita ta haɗa allunan nan suna miƙa wa juna saƙo cikin dare lokacin da kuɗin tarho ke da sauƙi, har suka haura 30,000 a duniya. A wancan lokacin Afirka ce shiyya ta 5 a tsarinta. Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu ta wannan hanya ta fara musayar imel da ƙetare a ƙarshen shekarun 1980, kuma ƙungiyoyi da dama a nahiyar da fasahar Fido suka riƙa aika saƙo a kan layukan tarho masu yankewa kafin intanet ta iso. Duk wanda zai rubuta tarihin yadda Afirka ta shiga duniyar sadarwa sai ya bi ta cikin wannan “tarkace”.

Waɗanda suka fi ba ni haushi ma su ne masu sassaucin ra'ayi, masu cewa to a adana, amma a kulle a gidan tarihi, mai so ya je can ya gani. BBS ba tukunya ba ce da za a ɗora a bayan gilashi. Fayil ɗin da ba a kunna ba, ba ya gaya maka komai. Sai ka shiga, ka ga zanen haruffa masu launi na sauka, ka tarar an ba ka minti kaza a rana, ka yi 'yan motsinka a wasa ka jira gobe ka ga abin da abokin hamayya ya yi maka cikin dare, sannan za ka fahimci yadda mutanen lokacin suka zauna da juna. Jin daɗin nan da Ofishin Haƙƙin Mallaka ke tsoro, ai shi ne abin da ake son adanawa. Kamar a ce an yarda a ajiye kalangu amma kada kowa ya kaɗa.

Hujja kuma tana nan a fili. Rob Swindell ya saki asalin rubutun manhajarsa ta BBS, Synchronet, a 1997, daga baya ya dawo ya ci gaba da aiki a kai, ga shi har yau ana sabunta ta, tana gudana a kan Windows da Linux. WWIV da Wayne Bell ya fara a 1984 ita ma an buɗe ta, tana raye. Waɗanda aka ƙanƙame kuwa sai lallaɓawa ake yi da faci a kan faci. Wa ya yi asara da sakin Synchronet? Babu. Wa ya ci ribar kulle sauran? Babu, sai dai ranar da wani kamfani ya hango kasuwar tuna baya ya tono takardarsa ya aiko da wasiƙar lauya ga mutanen da suka hana kayan nasa mutuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kada wani ya ce kamfanoni za su kula da kayansu da kansu. Yahoo ta rufe GeoCities, dandalin da jama'a ke buɗe shafukansu na intanet, a 2009, 'yan sa-kai na Archive Team da Jason Scott ya tara ne suka yi rige-rigen kwashe abin da suka iya. Dandalin sada zumunta na MySpace kuwa a 2019 ta amsa cewa waƙoƙin shekara goma sha biyu sun salwanta a hannunta.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. Manhajar da ta yi shekara ashirin ba a sayarwa ba a gyarawa, a yi cigiyar mai ita, in shiru, a sakar wa masu rayawa muddin ba ciniki suke da ita ba. In ya bayyana, ya zo ya karɓi abinsa ya ci gaba da kula da shi da kansa. Marubutan da ke raye kuma su daina nauyin jiki, su duba kwalayen da ke ƙarƙashin gado, su fito da asalin rubutun tun suna iya tuna a wane faifai yake. Randy Suess ya mutu a 2019, Christensen ya bi shi bayan shekara biyar, kuma yawancin waɗanda suka rubuta manhajojin nan a shekarun 1980 yanzu sun ba sittin baya.