Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Nawa Ake Sayar da Ita?

A ranar 27 ga Agustan 2024 ƙungiyar kiɗan rok ta Oasis ta birnin Manchester ta sanar da cewa Noel da Liam Gallagher, wa da ƙanin da suka yi shekara 15 ba sa ga-maciji, za su sake hawa dandamali tare. Sun rabu ne a Agustan 2009 bayan wata rigima a bayan fage a birnin Paris, ana dab da fara wasa. Bayan kwana huɗu da sanarwar aka buɗe sayar da tikiti, mutum sama da miliyan 10 suka shiga layi a intanet suna neman tikiti kusan miliyan 1.4. Rangadin ya fara a Cardiff ranar 4 ga Yulin 2025, ya ƙare a Sao Paulo a watan Nuwamba, bayan wasa 41.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ake fara ji ita ce "don kuɗi suka dawo". E, don kuɗi ne, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da ya kamata a tuhuma shi ne yadda ake karɓar kuɗin daga hannun masoya, da kuma abin da ake ba su a madadinsa.

Kiɗan rok da ake kira indi ya taso ne daga ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, irin su Creation da Rough Trade a Ingila, da 4AD, da Matador a Amurka. Yawancin ƙungiyoyin da suka fito ta wannan hanya sun yi suna fiye da yadda suka yi arziki. Pixies ta birnin Boston ta watse a 1993 alhali wasu da suka kwaikwayi salonta sun fi ta cin kasuwa nesa ba kusa ba. Da ta dawo a 2004, tikitinta ya riƙa ƙarewa nan take, kuma a lokacin ne mambobinta suka fara cin moriyar aikin da suka yi tun ƙarshen shekarun 1980. Pavement ta Kalifoniya ta watse a 1999, ta dawo a 2010, ta sake dawowa a 2022 ta tarar da matasan da ba a haifa ba lokacin tashenta, saboda wata waƙarta da ba ta ma shiga babban kundi ba ta yaɗu a Spotify da TikTok. Sauraro a intanet kuwa ba ya ciyar da mutum biyar da iyalansu: abin da ake biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya na dala ba, kuma kamfanin faifai ke fara cire kasonsa. Wanda ya rubuta waƙoƙin yana da ɗan abin da ke shigo masa, amma mai ganga da mai jitar bas sau da yawa ba su da komai sai dandamali. Idan ɗan shekara hamsin da biyar ya ɗauki jitarsa don ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, sana'arsa ce yake yi.

Inda matsalar take shi ne wajen tikiti, kuma na Oasis ya nuna ta ƙarara. Mutane sun shafe sa'o'i a layin Ticketmaster, kamfanin da ke sayar da tikitin a intanet, suna sa ran tikitin tsayuwa a kan kimanin fam 150, da layi ya zo kansu suka tarar ya koma fam 355, ga agogo yana ƙirga 'yan mintunan da suka rage kafin a ƙwace gurbin. Wanda ya yi awa biyar yana jira ba ya cikin halin yin lissafi da natsuwa, kuma waɗanda suka tsara tsarin sun san haka. Hukumar kula da gasa a kasuwanni ta Birtaniya ta buɗe bincike a Satumban 2024. Abin da ta gano shi ne ba na'ura ce ke ɗaga farashi da kanta ba: an kasa tikitin tsayuwa gida biyu tun farko, aka sayar da mai arha, da ya ƙare aka saki mai tsada, ba tare da an gaya wa na kan layi ba. Akwai kuma kujerun da aka laƙaba wa sunan "platinum" aka sayar kusan ninki biyu da rabi, alhali ba su da wani fifiko a kan na kusa da su. A Satumban 2025 kamfanin ya yi alkawarin sanar da masu saye awa 24 kafin a buɗe kasuwa idan farashi hawa-hawa ne. Oasis ta ce ba ta san za a yi amfani da tsarin ba, kuma ba a yi shi a wasannin Amurka ta Arewa ba. To, mawaƙin da sunansa ke kan tikiti shi ke da ikon cewa a'a. Robert Smith, mawaƙin ƙungiyar The Cure, ya nuna haka a 2023: ya ƙi tsarin farashi mai hawa, ya hana a riƙa sake sayar da tikiti da riba, har ya sa Ticketmaster ta mayar wa mutane dala 5 zuwa 10 daga kuɗin hidimar da ta ɗora. Tun daga nan uzurin "ba mu sani ba" ya yi rauni.

Mai niyyar zuwa irin wannan wasa ya yanke iyakar abin da zai biya tun kafin ya shiga layi, ya rubuta shi a takarda ya ajiye a gabansa. Ya buɗe asusunsa a shafin sayarwa kwana ɗaya kafin ranar, ya shigar da katin banki, ya tabbatar lambar wayar da ake turo saƙon tantancewa tana hannunsa. Ya shiga da na'ura ɗaya, shafi ɗaya. Buɗe shafuka da yawa ko yawan sabunta shafi yakan sa tsarin ya ɗauke shi a matsayin manhajar 'yan bumburutun tikiti ya jefar da shi waje, kuma mutane da dama sun rasa gurbinsu ta haka a ranar Oasis. Idan ka rasa, kada ka ruga Facebook wajen wanda ya ce "ƙanwata ce ba za ta samu zuwa ba". Tikitin zamani lambarsa tana canzawa a cikin manhaja, don haka hoton da aka turo maka ba zai buɗe ƙofa ba. Masu shirya rangadin Oasis sun ce za su soke tikiti kusan 50,000 da aka sayar a shafukan da ba su amince da su ba, suka bar shafin Twickets da sashen sake sayarwa na Ticketmaster kawai, a kan farashin asali. Haƙuri yana biya a nan: sau da yawa ana ƙara kwanaki, kuma idan an gama kafa dandamali aka ga wuraren da ba su tare kowa ba, akan saki ƙarin kujeru a makon wasan. Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar kuma ya tuna cewa rangadin Oasis bai taka Afirka ba, kuma hana biza ba ya cikin dalilan da ke sa a mayar da kuɗin tikiti.

Sai tambayar da ta fi farashi muhimmanci: su wa za ka gani? Suna ɗaya ne a kan allo, amma mutanen kan bambanta. Oasis ta 2025 ta ƙunshi 'yan'uwan biyu, da Paul Arthurs da aka kafa ƙungiyar da shi, da Gem Archer da Andy Bell na zubin baya, sai sabon mai ganga, Joey Waronker. Kim Deal ta bar Pixies a 2013, kuma duk wanda ya san waƙoƙinsu ya san muryarta da jitar bas ɗinta rabin daɗin ne. Abin da ake gani yau ƙungiya ce mai kyau, amma ba ita ce ta 2004 ba. Pulp ta yi rangadin 2023 ne bayan rasuwar mai jitar bas ɗinta Steve Mackey a watan Maris na shekarar. Mani, mai jitar bas na The Stone Roses, ya rasu a Nuwamban 2025, don haka waɗanda suka halarci wasanninsu na dawowa a filin Heaton Park na Manchester a 2012, inda tikiti 220,000 ya ƙare cikin minti 68, sun ga abin da ba zai maimaitu ba. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan masu cewa a jira wani zagayen. Mutanen nan sun haura hamsin, wasu sun haura sittin.

Murya ma tana tsufa. Igiyoyin maƙogwaro suna rage laushi, numfashi yana gajarta, sautin sama da mawaƙi ke kaiwa yana ɗan shekara 24 yakan gagare shi. Maganin da ake yi sananne ne: a sassauta wayoyin jita a sauke waƙar da rabin mataki ko mataki guda, a jera waƙoƙi yadda masu wahala ba za su biyo juna ba, a bar mai jita ya rera biyu ko uku a tsakiya don babban mawaƙi ya huta, kamar yadda Noel ke karɓa daga Liam. Idan ka ji waƙar ta ɗan yi ƙasa da yadda ka san ta a kaset, ba kunnenka ba ne, kuma ba ha'inci ba ne. Abin da ya cancanci ƙorafi shi ne a jingina da muryar da aka naɗa tun a situdiyo ba a faɗa ba. A ɗaya ɓangaren, yawancinsu sun fi iya kiɗa yanzu. A shekarun 1990 wasan Pavement yakan watse a tsakiya, wasan Oasis kuma ya danganta da halin da Liam ya tashi a ciki. Yanzu akwai makonnin atisaye, da 'yan na'urorin kunne da kowane makaɗi ke jin kansa da su, da ƙarancin shaye-shaye. Oasis ta yi waƙa 23 cikin kimanin awa biyu, kusan jeri ɗaya kowane dare, mafi yawa daga 1994 zuwa 1997, babu sabuwa ko ɗaya. Wasu na ganin wannan rowa ce. A ganina gaskiya ce: sun sayar da tsohon abu da sunan tsoho. Blur a 2023 da Pulp a 2025 sun zaɓi fitar da sabon kundi, kuma hakan ya yi musu kyau domin suna da abin faɗa. Wanda ba shi da shi gara ya yi shiru. Abin da ya fi ɓata wa masoya rai shi ne irin na LCD Soundsystem, da ta yi wasan bankwana a zauren Madison Square Garden na birnin New York a 2011, mutane suka kashe kuɗi don ganin na ƙarshe, sannan ta dawo a 2016.

Wurin tsayuwa yana canza abin da za ka ji fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi an yi su ne don ɗakunan mutum 300 zuwa 2,000, yanzu ana kaɗa su ga mutum 80,000 a fili. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ke nisan mita 100 zai ga sanda ta bugi ganga a allo kafin ƙarar ta iso shi da kusan sulusin daƙiƙa. Shi ya sa ake kafa hasumiyoyin lasifika a tsakiyar fili, ana jinkirta su don su dace da na gaba. Mafi kyawun wuri shi ne gaban rumfar injiniyan sauti, domin abin da kunnensa ke ji a nan shi yake daidaitawa. Layin farko na ganin fuska ne kawai, muryar takan wuce ta saman kai. Ƙarƙashin rufin benen sitadiyam kuma amo yana dawowa daga kankare ya cakuɗa kalmomi.

Kunne kuwa ba ya warkewa idan ya lalace. Ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana iya jure ta awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ke nan. Desibel 100 ɗin ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci wuraren wasa su kiyaye a ƙa'idarta ta 2022, kuma wasan rok na awa biyu yana yawo a wannan mataki ko sama. Matoshin kunne na makaɗa, mai rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da dushe sauti ba, bai kai kuɗin rigar da ake sayarwa a bakin ƙofa ba. Na soso yana karewa, sai dai yana cinye sautin sama. Ƙungiyar My Bloody Valentine, da ta dawo a 2008, da kanta ta riƙa raba matoshi kyauta a ƙofa. Idan kunne ya kwana yana ƙugi, an riga an yi ɓarna. Sauran shiri ƙanana ne: filin wasa na Wembley da ke Landan ba ya barin jakar da ta wuce girman takardar A4, ba a karɓar tsabar kuɗi, kuma tikitin yana cikin waya, don haka a sauke shi tun a gida a cika batir, domin intanet yana tsayawa cak idan dubban wayoyi suka taru. Daga buɗe ƙofa zuwa tashi awa biyar ne ko fiye a tsaye, gwiwar ɗan arba'in da biyar kuma ta san bambanci.

Akwai bashin da waɗannan manyan rangadi ba su gama biya ba. An gano Oasis ne a 1993 a King Tut's Wah Wah Hut da ke Glasgow, ɗakin da ke ɗaukar mutum 300, inda Alan McGee na Creation ya gan su ya ba su kwantiragi. Ƙungiyar Music Venue Trust, mai kare ƙananan wuraren kiɗa, ta ce a 2023 kaɗai ƙananan wuraren wasa 125 a Birtaniya sun rufe ko sun daina sa kiɗa, saboda haya da kuɗin wuta. Kuɗin tikiti ɗaya na fam 355 zai kai mutum irin waɗannan ɗakuna sau ashirin, kuma aljihun masoyi ɗaya ne. An kawo shawarar a cire fam 1 daga kowane tikitin babban zaure da sitadiyam a mayar wa ƙananan wurare. Mawaƙi Sam Fender ya yi hakan a rangadinsa na 2024, Coldplay ta yi alkawarin kashi 10 cikin 100 na abin da ta samu a Wembley da Hull a 2025. A kan tikiti miliyan 1.4, fam 1 ya zama fam miliyan 1.4, kuma babu wanda ya iya biyan fam 150 da zai fasa saboda shi. Ƙungiyar da ta taso daga ɗakin mutum 300 ita ta fi kowa cancantar sa wannan sharaɗi a kwantiraginta tun kafin a buga tikitin farko.