Gani kafin magani: abin da binciken ciwon dajin huhu da na lafiyar masu juna biyu ke nunawa

Duk lokacin da aka fitar da sakamakon wani babban bincike a fannin likitanci, abin da ke fara shiga kanun labarai shi ne sunan sabon magani da yawan rayukan da ake sa ran zai ceto. Ba na ganin laifin 'yan jarida a kan haka, domin magani abu ne da ake iya riƙewa a hannu a nuna wa jama'a. Sai dai wanda ya bi diddigin binciken da aka yi a 'yan shekarun nan a fannoni biyu da ake ɗauka babu abin da ya haɗa su, wato ciwon dajin huhu da lafiyar mai juna biyu da abin da ke cikinta, zai lura cewa mafi yawan nasarar da aka samu ta rataya ne a kan gano matsala da wuri da auna ta daidai. Ra'ayina shi ne, wannan ɓangaren ne ya fi cancantar kuɗi da kulawa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ciwon dajin huhu shi ne ya fi kowane nau'in ciwon daji kashe mutane a duniya. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ɗauke da shi kusan miliyan 2.5, yayin da ya yi ajalin kimanin mutum miliyan 1.8. Babban dalilin wannan ɓarna shi ne yadda ciwon ke girma shiru, saboda naman huhu ba shi da jijiyoyin da ke isar da saƙon zafi, don haka ƙari yana iya daɗewa yana yaɗo ba tare da mai shi ya ji komai ba. Kafin tari mai jini, ko rama, ko ƙarancin numfashi su kai mutum gaban likita, sau da yawa ciwon ya riga ya tsallaka zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Alƙaluman Amurka sun fito da bambancin a fili: idan aka gano ciwon tun bai fita daga huhu ba, fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu shi suna kaiwa shekara biyar a raye, amma idan ya riga ya bazu zuwa sassa masu nisa, adadin ba ya wuce kusan kashi 10. Har yau babu wani maganin da ya cike wannan tazara.

Wannan ba ya nufin magungunan ba su taka rawar gani ba. A 2004 masu bincike suka gano cewa wasu masu ciwon suna da wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira EGFR, kuma su ne ke samun sauƙi mai ban mamaki da wani rukunin magunguna. A 2007 kuma masu bincike a Japan suka gano irin wannan sauyi a ƙwayar ALK. Daga nan ne aka daina kallon ciwon dajin huhu a matsayin cuta guda, aka koma ganinsa a matsayin cututtuka da yawa da suka yi tarayya a wurin zama. Sakamakon gwajin ADAURA da aka bayyana a 2023 ya nuna cewa masu sauyin EGFR da aka ba su maganin osimertinib bayan tiyata, kashi 88 cikin ɗari na nan da ransu bayan shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 78 na waɗanda ba su sha shi ba. A 2024 gwajin CROWN ya nuna cewa kashi 60 na masu sauyin ALK da ciwonsu ya riga ya yi nisa sun kai shekara biyar ciwon bai ci gaba ba a kan maganin lorlatinib, alhali kashi 8 kacal ne suka samu haka da tsohon maganin crizotinib. Ga wanda ya san yadda likitoci ke magana a kan wannan ciwo shekara ashirin da suka wuce, waɗannan alƙaluma kamar almara suke.

Amma a duba sharaɗin da ke ƙarƙashin kowace nasara. Ana ba da osimertinib a wancan gwaji ne bayan tiyata, tiyata kuwa ba ta yiwuwa sai an tarar da ƙarin bai bazu ba. Haka kuma babu ɗaya daga cikin magungunan nan da zai yi wa mutum amfani sai an tabbatar a ɗakin gwaji cewa ƙarin yana ɗauke da sauyin da maganin ke kai wa hari. Asibitin da ya sayi maganin ba tare da ɗakin gwajin ba ya sayi makulli ne bai san ƙofar da zai buɗe ba.

Neman ciwon kafin ya bayyana shi ma an gwada shi. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 53,000 masu tarihin shan taba mai yawa, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ɗaukar hoton huhu da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla da ƙarancin tururin radiyeshan, ya rage mace-macen ciwon da kashi 20 cikin ɗari, idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Gwajin NELSON na ƙasashen Holan da Beljiyam ya tabbatar da hakan a 2020, inda aka samu ragin kashi 24 a tsakanin maza. Dole ne a faɗi ɗaya gefen kuma, domin a gwajin Amurka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan sun nuna wani abin tuhuma, kuma fiye da kashi 95 na waɗannan daga baya aka gano ba ciwon daji ba ne. Kowane ɗaya daga cikinsu mutum ne da ya kwana da fargaba, wasu ma har aka soka musu allura a ƙirji don ɗibar nama. Shi ya sa ƙa'idar da aka sabunta a Amurka a 2021 ta keɓe wannan bincike ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka daɗe suna shan taba. Gani da wuri yana da amfani ne idan an san wanda ya kamata a duba, kuma akwai abin da za a yi masa bayan an gani.

A ɗakin haihuwa lamarin ya ma fi fitowa fili, domin a can ana lissafin lokaci da mintoci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin musabbaban. Abin takaicin shi ne magungunan tsayar da jinin tsofaffi ne, masu araha, kuma sanannu. Tun a 2017 gwajin WOMAN, wanda ya ƙunshi mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna cewa allurar tranexamic acid tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, muddin an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa ukun, ba a ga wani amfani ba. Matsalar ita ce ungozoma ko likita kan ƙiyasta yawan jinin da ido, ido kuwa yana raina jinin da ya jiƙa zanin gado ko ya kwarara ƙasa, har sai an ga mace ta fara galabaita sannan a tashi neman agaji, ya zama ihu bayan hari.

Gwajin E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya kan mata fiye da 200,000, aka kuma wallafa a 2023, bai zo da sabon magani ko ɗaya ba. Abin da ya kawo shi ne wata ledar roba da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, mai aljihu da alamomin awo, yadda duk jinin da ya zuba zai taru a wuri guda a ga adadinsa. Da zarar ya kai ma'aunin haɗari, sai a yi duk matakan a tare, wato murza mahaifa, da allurar da ke sa ta tsuke, da tranexamic acid, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, maimakon a gwada ɗaya a jira a ga ko zai yi aiki. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gano kashi 93 na masu zubar jinin, a sauran kuwa kashi 51 kawai aka gano. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyatar gaggawa ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ni dai ban san wani sabon magani mai tsada da ya yi irin wannan tasiri a ɗakin haihuwa a wannan zamani ba, kuma abin da ya jawo shi leda ce da horo.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na allurar da ake yi wa macen da ake tsoron za ta haifi bakwaini, domin huhun jaririn ya yi saurin nuna. An daɗe da sanin cewa tana ceton rai a asibitocin ƙasashe masu arziki. Da aka faɗaɗa amfani da ita a wani gwaji a ƙasashe shida masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka wallafa a 2015, sai sakamakon ya girgiza kowa, domin mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi a yankunan da aka yawaita allurar. Ɗaya daga cikin dalilan da aka fi zargi shi ne rashin sanin ainihin watannin ciki, yadda aka yi wa mata da yawa allurar alhali cikinsu ya isa haihuwa, suka kwashi illarta ba tare da buƙatarta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwajin a asibitocin Bangaladash da Indiya da Kenya da Najeriya da Pakistan, a wannan karon da sharaɗin a tabbatar da makonnin cikin da na'urar hoto kuma a samu wurin kula da bakwainin. Sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Allurar ba ta canza ba a tsakanin gwaje-gwajen biyu. Abin da ya canza shi ne sanin wadda ake yi wa. Haka batun asfirin yake, wanda gwajin ASPRE na 2017 ya nuna yana rage hawan jinin masu ciki mai tilasta haihuwa kafin lokaci da kashi 62, amma ga matan da aka tantance tun cikin na mako 11 zuwa 14 cewa suna cikin haɗari.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce awo ba ya warkar da kowa, kuma gaskiyarsa ce. Ledar awon jini ba ta da amfani a ɗakin da babu allura, kuma gaya wa mutum cewa yana da ƙari a huhu alhali babu likitan tiyatar da zai cire shi ƙarin baƙin ciki ne kawai. Abin da nake cewa shi ne, idan ana rabon kasafin lafiya, na'urar hoto da ɗakin gwaji da horar da ma'aikata su ne ake fara zaftarewa, saboda ba su da kamfanin da ke tallata su da ƙarfi kamar yadda ake tallata magani. Wani kuma zai ce hana shan taba ya fi duk waɗannan, tun da an san alaƙarta da ciwon dajin huhu tun binciken masanan Birtaniya Richard Doll da Bradford Hill na 1950, kuma hayaƙinta yana rage nauyin jariri a ciki. Wannan ma ba abin musu ba ne, sai dai bai amsa tambayar wanda ya riga ya kamu ba, ko wanda bai taɓa kai sigari bakinsa ba amma ciwon ya same shi.

Akwai kuma buƙatar taka-tsantsan wajen karanta alƙaluman hasashen rayuwa. Idan aka gano ciwon mutum shekara biyu kafin lokacin da zai bayyana da kansa, amma ya rasu a ranar da da ma zai rasu, takarda za ta nuna ya daɗe da ciwon a raye alhali bai ƙaru da ko kwana ɗaya ba. Saboda haka ne masu bincike na ƙwarai suke ƙirga yawan mace-mace a rukunoni biyu da aka raba ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda aka yi a gwajin Amurka da na NELSON. Sannan alƙaluman shekara biyar a kullum labarin waɗanda aka yi wa magani aƙalla shekara biyar baya ne, don haka majinyacin yau da ya karanta su yana kallon abin da ya wuce ne, kuma suna magana a kan dubban mutane, ba a kan shi kaɗai ba.

Inda fannonin biyu suka haɗu kai tsaye shi ne mace mai juna biyu da ta kamu da ciwon dajin huhu. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma rahotannin likitoci sun nuna cewa mafi yawan irin waɗannan mata ana gano ciwonsu ne bayan ya yi nisa, saboda gajiya da haki da ciwon baya duk ana ɗora su a kan ciki, ga kuma ɗari-ɗarin ɗaukar hoton ƙirji don tsoron cutar da tayi, duk da cewa tururin da ke kaiwa ga mahaifa a hoton ƙirji kaɗan ne ƙwarai. Idan an gano ciwon kuma sai likita ya tarar ba shi da madogara, domin gwaje-gwajen sababbin magungunan ba sa ɗaukar masu ciki. Asalin wannan tsoro sananne ne: maganin thalidomide da aka riƙa bai wa masu laulayi daga 1957 zuwa 1961 ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, kuma a 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, matakin da ta janye a 1993. Masu juna biyu kuwa har yanzu suna waje a mafi yawan gwaje-gwaje, don haka likitan da ke gaban irin wannan majinyaciya yana dogara ne da rahotannin ɗaiɗaikun mata da wasu likitoci suka rubuta. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi shi ne a kafa rajista ta ƙasa da ƙasa da za a riƙa shigar da kowace mace da ta sha waɗannan magunguna tana da ciki, tare da bin lafiyar abin da ta haifa na tsawon shekaru, kuma a koya wa masu awon ciki cewa tarin da ya wuce mako uku bai tafi ba yana buƙatar bincike ko da mace tana watan haihuwa.