Ni da kaguwar Baba a gidan waya

Duk laifin ɗan kawuna ne, kun san shi, mai gyaran waya na bakin gwata a unguwar Nima da ke Accra, Ghana. Shi ya ce min turawa na sayen tsohon kan sarki da dala. Ni kuwa ina kakkaɓe adakar marigayi Baba sai ga ambulan cike da su, masu hoton kifi kala-kala, kaguwa, har da kunkurun teku irin mai zuwa yin ƙwai a rairayin bakin tekun garin Ada, kowanne an buga 1000 a jiki. Na ƙirga guda 40. Sidi dubu 40 kenan tun kafin bature ya sa baki! Washegari na zumbula rigar Sallah na hau motar haya ta trotro sai gidan waya.

Layi ya zo kaina na zube su a kan kanta, na gyara hula, na ce Madam a canza min. Ta ɗauki kaguwar da farce biyu, ta juya ta, ta dube ni, ta sake duban kaguwar. Ta yafuto ta gefenta. Ita ma ta yafuto wani. Can sai ta ce, da ƙarfi fa, "Alhaji, kana ina a 2007?"

Wallahi ina nan. A gabana aka yanke wa sidi sifili huɗu, dubu 10 ta koma sidi 1, kwaɗayi ne kawai ya toshe min kai. Kowace kaguwa pesewa 10. Gadon gaba ɗaya sidi 4, ko koko da ƙosai ba zai saya ba.

Amma ba Madam ce ta ƙona min rai ba, wani tsoho ne a bayana da takardun fansho a hamata, ba wanda ya tambaye shi, ya juya yana fassara wa mutanen layi da yaren Twi, ya gama ya maimaita da Hausa don kar a bar kowa a baya, sannan ya leƙo fuskata ya ce "Yaro, ba kai ne ɗan liman na Maamobi ba?" Na ce a'a Baba. Ya ce kai ne mana, ga kunnuwan. Mutumin nan tun ina makarantar allo yake da wannan halin.

Ina tattarawa kuma zufa ta jiƙa gam ɗin, kunkuru ɗaya ya manne min a tafin hannu, da shi na miƙa wa yaron mota kuɗi.

Yanzu a masallaci Alhaji Kaguwa suke ce min. Ɗan kawun nawa kuma wai ba gidan waya ya ce in je ba.