A rubuta wa'adin ƙorafi a jikin takardar tara

Na karanta labarin nan naku kan wa'adin biyan tarar laifin tuƙi, amma wallahi abin da ya fi damuna shi ne ba a gaya wa direba yadda zai ƙalubalanci tarar. Ƙanina mai adaidaita sahu aka tare shi ranar Juma'a da yamma, aka riƙe ɗan sahun. Kafin ya ciro lambar Remita, wato lambar da ake biyan kuɗin gwamnati da ita, banki ya tashi. Sai Litinin ya biya, kwana uku babu balas ɗin mai mashin, babu na cefane. Ya rantse bai tsallake danja ba, amma wa zai kai wa kuka? Don Allah a rubuta a jikin takardar, har da Hausa: kwana nawa ne na biya, kwana nawa na ƙorafi, kuma wace kotu.