Ganin hukunci kafin ranarsa ba ƙofar baya ba ce

Mutane da yawa in sun ji cewa a Ingila ana ba lauyoyi hukunci kafin a bayyana shi, sai su ɗauka dama ce ta shawo kan alƙali ya sauya matsaya. Zargin yana da dalili, don abin da ake yi a asirce yakan jawo shakku. Amma ba haka abin yake ba.

Daftari ne ake aika wa lauyoyin ɓangarorin biyu a tare, galibi kwanakin aiki biyu kafin ranar hukunci. Aikinsu su nuna kurakuran rubutu, kamar suna ko adadi, su shirya bayani kan kuɗin shari'a da neman izinin ɗaukaka ƙara. Kotu ba ta yarda a mayar da wannan dama ta sake muhawara ba. Lauya zai iya nuna wa wanda yake wakilta, da sharaɗin kada maganar ta fita, ko da sakamakon ne kawai.

Karya sharaɗin kan iya zama raina kotu. A Disamba 2020 lauya Tim Crosland ya fallasa hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya kan faɗaɗa filin jirgin Heathrow kwana ɗaya kafin lokaci, aka ci shi tarar fam 5,000 a 2021.

'Yan jarida kuwa, a Kotun Ƙolin Kanada akan killace su a ɗaki su karanta manyan hukunce-hukunce, ba su da ikon tuntuɓar waje sai an saki hukuncin, don rahotonsu ya fito daidai.