Burodin Biyetnam ya fi boga, mai gardama ya zo

A duk abincin da ake naɗe wa mutum a takarda ya wuce da shi a nan Houston ta Amurka, ban ga wanda ya kama ƙafar banh mi ba, wato burodin 'yan Biyetnam da ake cusa wa nama da kayan lambu. Akwai wani ɗan shago kusa da mu, ta wajen titin Bellaire inda 'yan Biyetnam suka yi yawa, ko wurin zama na kirki babu, amma da azahar layi har waje.

Burodin na Faransawa ne, dogon nan da 'yan'uwanmu na Yamai da Damagaram suka sani sarai, don mai mulkin mallakar ɗaya ne. Faransa ta kama Saigon, babban birnin kudancin Biyetnam, a 1859, burodinta ya biyo ta. Sai dai mutanen can suka sake masa hali: suka gajarta shi, ɓawon ya zama siriri mai ƙaras-ƙaras, cikin kuma sakayau, ba ya cika ciki da gari. Bayan an raba ƙasar biyu a 1954 'yan arewacin Biyetnam suka kwararo Saigon, a can ne cusa komai a cikin burodin ya kankama, saboda ma'aikaci ya ci yana tafiya. Da Saigon ta faɗi a ƙarshen yaƙin Biyetnam a 1975, 'yan gudun hijira suka zo da shi Amurka da Ostareliya.

Abin da ya ba ni mamaki ba naman ba ne. Gashin kaza kowa ya iya, kuma mu da muka taso da tsire ba za a burge mu da shi ba. Tsamin ne. Suna yanka karas da wani farin tushe da ake kira daikon siri-siri, su jiƙa a ruwan khal da sukari, su haɗa da kokwamba, ganyen koriyanda da ɗanyen barkono. Maiƙo na shirin gundurarka, tsami ya wanke baki, yaji ya biyo baya. Boga kuwa maiƙo ne a kan maiƙo, kana gamawa sai barci. Har Maggi suna ɗigawa, na ruwa, abin da ya sa na ji kamar a gida aka haɗa.

To amma Musulmi, a kula. Na asalin da naman alade ake yi, kala-kala ma. Inda aka fi faɗawa shi ne niƙaƙƙiyar hantar da suke shafa wa burodin kamar bota, yawanci ta alade ce, kuma shaguna da yawa suna shafa ta ko da na kaza ka ce. Sai ka buɗe baki ka ce kada a sa. Ni na ƙwai nake saya ko na awara (eh, awararmu dai, suna ji da ita ƙwarai), na sadin ma akwai. Matar shagon nan in na roƙa tana sauya wuƙa da safar hannu, ba ta taɓa ɓata rai ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya sayi burodin zalla da karas ɗin, ya gasa kazarsa ta halal a gida.

Kuma a ci shi da zafinsa. In ya kwana a firji ɓawon ya mutu, kuɗinka sun tafi a banza.