Wanda jarinsa ya karye, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

A Najeriya akwai dokar da ta ba mutum damar zuwa kotu da ƙafarsa ya ce bashi ya fi ƙarfinsa, a karɓi abin da ya mallaka a raba wa masu binsa, daga baya a sallame shi ya sake neman na kansa. Dokar karayar arziki ce ta 1979, wadda ta fito a ƙarshen mulkin soja na Obasanjo, aka yi mata gyara a 1992, kuma har yau tana nan daram cikin dokokin tarayya. Amma ka zaga Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Sabon Gari, ka tambayi dattawan da suka tsufa a cikin ciniki ko sun taɓa ganin wanda ya bi ta wannan hanya. Labarin da za su ba ka daban ne. Wane ya kwana a caji ofis, wane an sayar da gidan gadonsu, wane ya kashe waya ya bar gari, iyalinsa suna rakuɓe a gidan surukai.

Mafi yawan waɗanda suke karyewa ba ɓarayi ba ne. Kasuwancinmu a kan amana yake tafiya. Mai shigo da kaya ya ba na tsakiya dilar atamfa ko shadda, a rubuta a littafi, shi kuma ya rarraba wa abokan cinikinsa na Gusau da Maraɗi da Azare, kowa ya sayar ya kawo. In guda ya faɗi, sai ya ja na samansa da na ƙasansa. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa masu neman abin sawa a baka cikin dare ɗaya, kuma wutar ba ta ƙone bashin da ke kansu ba. Da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya karɓo kaya a lissafin dala ya rabar da su bashi a lissafin naira, ko ya tattaro kuɗinsa kaf ba za su rufe ramin ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

To, me ke faruwa idan labari ya fita cewa Alhaji wane ya karye? Rige-rige ake yi. Mai ƙarfi a cikin masu bin bashin, wanda ya san manya, shi ke riga kowa kai ƙara wurin 'yan sanda. Da yake kowa ya san bashi ba laifi ba ne, sai a canza wa ƙarar suna ta koma cin amana da zamba. A tsare mutum, a kira yayyensa da kawunnansa, a sa su rubuta takardar alkawarin biya kafin a ba da beli. A sayar da mota da fili a gaggauce, a farashin da bai kai ba, a biya mutum ɗaya. Alhali sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai.

Wadda nake tunawa a nan ita ce bazawarar da ta ba shi kuɗin gadon marayunta ya juya mata, da yaron shagonsa da ya bar albashinsa yana taruwa don ya yi aure, da ɗan dakon da ke bin kuɗin lodi. Su ba su da wanda za su kira a waya. Kafin su ji labari an kwashe komai. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki dokar karayar arziki a matsayin gata ga mai cin bashi kaɗai. Babban aikinta shi ne ta tsayar da wawaso, ta tara masu bin bashi a wuri guda, kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi.

A takarda, tsarin namu haka yake. Mai bashi kan iya shigar da takarda da kansa cewa ba zai iya biya ba, ko wanda ke binsa ya shigar. Kotu ta ba da umarnin riƙe dukiyarsa a hannun jami'in da aka ɗora wa wannan aiki, shi kuma ya rubuto duk abin da ya mallaka da duk wanda ke binsa. A kira taron masu bin bashi, in sun yarda da tayin sulhu shi ke nan, in ba su yarda ba a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a naɗa amintacce ya sayar ya raba. Ana bar masa tufafinsa da shimfiɗarsa da kayan sana'arsa. Kafin a sallame shi ba zai zama daraktan kamfani ba sai da izinin kotu, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa.

Matsalar ita ce ƙofar ta yi wa talaka nisa. Sashe na 251 na tsarin mulki ya keɓe wannan shari'a ga Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai, wadda galibi a babban birnin jiha take zama. Mai sayar da hatsi a Dawanau da ya rasa kuɗin cefane, da me zai ɗauki lauyan da zai tsaya masa a can? Tsufan dokar ma ya isa shaida: mafi ƙarancin bashin da za a iya kai mutum ƙara a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da a 1979 dukiya ce, yau kuwa ba su cika galan ɗin fetur ba.

Haka abin yake ga mai son ya bincika. A ce wani ya zo neman kayan miliyan goma bashi, kana son sanin ko kotu ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Sai dai ka je ofishin rajistar kotun ka nemi a duba maka, ko ka bi gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da tallan jaridu. Kamfanonin tattara bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, sun fi sanin abin da ya bi ta banki. Bashin da ke cikin littafin ɗan kasuwa ba ya isa gare su. Shi ya sa wanda ya cinye kuɗin mutane a Kano zai iya buɗe shago a Kaduna da sabon allo. A Ingila da Wales kuwa akwai rajistar waɗanda suka karye a intanet da kowa zai duba kyauta da sunan mutum. Mai son a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a intanet yake cike takarda, ya biya fam 680, kuma galibi bayan wata 12 an sallame shi, bayan wata uku a cire sunansa daga rajistar. A Amurka ana duba takardun kotunan tarayya ta manhajar PACER, mutum kuma ya zaɓi a sayar da kadarorinsa a ƙarƙashin babi na 7 na dokarsu ta karayar arziki, ko a tsara masa biya cikin shekara uku zuwa biyar a ƙarƙashin babi na 13.

Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne. Abin da ke ba ni takaici ke nan, domin babin taflisi, wato karayar arziki, yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u, mutumin Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isa, har ya karye. Sayyidina Umar ya yi shela a bainar jama'a cewa duk mai binsa bashi ya zo da safe a raba musu dukiyarsa. Ga sanarwa a fili, ga taron masu bin bashi, ga rabo daidai. A cikin Sahihu Muslim kuma, wani ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace, Annabi (SAW) ya sa aka tara masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya ce wa masu binsa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Muna yawan jin wa'azi kan nauyin bashi, cewa ko shahidi ba a yafe masa shi, kuma gaskiya ne. Rabin da ya shafi mai bin bashin ne ba a cika karanta mana ba.

Akwai bambanci guda da bai kamata a ɓoye ba. A wurin malamai da yawa, ragowar bashin ba ya faɗuwa, yana nan a wuyan mutum har ranar da ya samu. Dokar zamani kuwa shafe shi take yi. A ganina wannan ba ya hana komai. Kotu ta ɗauke masa tsangwama da kamu, shi kuma in Allah ya buɗa masa ya koma ya biya, kamar yadda mutanen kirki ke yi tun da can. Wanda aka bari ya ci gaba da neman halaliyarsa ya fi kusa da biya a kan wanda ya ɓuya a wata ƙasa.

Tsoron da ya fi ƙarfi shi ne na 'yan damfara, waɗanda za su mayar da gidaje sunan matansu su zo kotu suna kuka. Tsoro ne mai tushe. Sai dai a yanzu ma haka suke yi, ba tare da an rantsar da su ba. A gaban kotu ana yi wa mutum tambayoyi a fili kan inda dukiyarsa ta shiga, ana iya warware kyautar da ya yi dab da faɗuwarsa, ƙarya kuma laifi ce mai hukunci. Maganar rufin asiri ma haka. Wane asiri ya rage wa wanda manhajojin bashi na waya suka aika hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa suna kiransa ɓarawo, abin da sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga tsakani a 2022? Suna a rajistar da za a goge bayan sallama ya fi wannan mutunci nesa ba kusa ba.

Ƙasar nan ta san yadda ake ceton wanda ya faɗi, in babba ne. An kafa AMCON a 2010 ta saye munanan basussukan bankuna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba kamfani damar yin sulhu da masu binsa kafin a rufe shi. Mai shago ɗaya ne aka bari da dokar 1979. Gyaranta aikin Majalisar Tarayya ne, tunda jihohi ba su da hurumin yin doka a kan wannan batu, don haka 'yan majalisarmu na Arewa ne ya kamata a tsare da tambaya. Ana buƙatar hanya mai sauƙi ga ƙananan basussuka, da takardar da za a iya cikewa da Hausa ba sai da lauya ba, da gyaran sashe na 251 don kotunan majistare da na shari'a su iya karɓar irin wannan ƙara.

Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran kowa. Babbar Kotun Tarayya za ta iya sa sunayen da ke cikin rajistarta a intanet. Shugabannin kasuwa, waɗanda dama su ke sulhu, su kafa ƙa'idar cewa in mutum ya karye ba wanda zai taɓa kayan shagonsa sai an rubuta sunan duk mai binsa, babba da ƙarami. Hukumomin zakka kuma, irin ta Kano, su ware kason masu bashi da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, su riƙa bayyana wa jama'a nawa suka biya a kowace shekara.